Mai Sanƙo a Bikin Lau

Da hotunan suka dawo daga wanki a Abuja, Tobiya ya baje su kan teburin ofis yana tsaki. Araha ba ta ado. Fim ɗin baƙi da fari da ya saya don gwaji ya cika komai da ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero, duk wurin da rana ta taɓa kuma ya fito fari fat.

A bikin ƙanwar matarsa a Lau ya gwada shi, da tsohuwar kyamarar marigayi mahaifinsa. Ranar ya sha kai da kawowa, har sai da aka kira surukai su cire hula a yi musu addu'a, sannan ya ajiye kyamarar kan benci.

Hoto na ƙarshe ne ya tsayar da shi. Ga matarsa Jemima ta baya, ya gane ɗaurin ɗankwalinta. Ga kuma hannun wani ƙato a ƙugunta, ta kwantar da kai a kafaɗarsa. Mutumin sanye da ankon da duk mazan bikin suka sa, ƙeya mai ninki, tsakar kai na walƙiya kamar faranti.

Bai tuna ya ɗauki wannan ba, amma ranar ya yi ta dannawa ba lissafi. Kunya ta rufe shi. Wato a gaban dangi da 'yan coci aka yi masa haka, shi yana can yana wasa da kyamara! Kuma da wa? Da tsoho mai sanƙo! Shi da Isaac mai aski ke ce wa kullum, "Oga, gashinka na nan kamar na saurayi."

Ya daina cin tuwonta. Sabuwar hular da ta sayo masa a Kasuwar Jalingo, ita da ba ta gajiya da saya masa huluna, ya sa ta ne kawai don kada maƙwabta su yi magana. A coci ya dinga bin kawunan dattawa da kallo, ya zargi mai kiɗan ganga, ya zargi ma'aji. Ta tambaye shi me ta yi, ya ce za ta ji a gaban ubanta.

Ran Lahadi bayan sujada suka hallara a gidan mahaifinta Baba Manasseh a unguwar Majidaɗi, har da Nathan yayanta. Tobiya ya ajiye hoton a gabansu.

"Baba, shekara goma sha biyar ban taɓa kawo ƙara ba. Ta faɗi ko wane ne, ko ta zauna a nan."

Baba Manasseh ya gyara tabarau, ya duba hoton, ya ɗaga kai ya dubi surukinsa, ya sunkuyar da kai. Nathan ya leƙa, ya buɗe baki zai yi magana.

"Ai wannan ni na ɗau..."

"Yaya, bari," in ji Jemima. Idonta ya kawo ruwa. "Baban Joan, da gaske kana so a gaban mutane?"

"A gaban kowa!"

Ta miƙe a hankali, ta zagaya bayan kujerarsa. Ta cire masa hular nan da hannu biyu, yadda ake buɗe kwanon baƙo. Ya ji ƙarar kyamarar wayarta, ƙyas. Baba Manasseh yana ta kallon ƙasa.

Ta ajiye wayar kusa da hoton, gefe da gefe, kuma a karon farko a rayuwarsa Tobiya ya ga tsakar kansa.