Sauron Cikin Sifika

Masta Gausu ya sake rufe ƙofofin motar, ya ɗaga gilasai, ya kara kunnensa a jikin sifika. Tana nan. Siririyar ƙara ce kamar kukan sauro, ba ta hawa, ba ta sauka.

Ya buɗe ƙofa a fusace, hayaniyar unguwar Dichemso ta Kumasi ta faɗo masa: injin mai walda, hon ɗin direbobi, masu talla. "Osmanu! Ka ji shi, ko?"

"Yoo, Masta," in ji Osmanu, direban motar, idonsa a ƙasa. Yoo ita ce "to" a bakin mutanen garin.

Motar makarantar Islamiyyar unguwa ce. Da la'asar za ta zagaya zango, unguwar Hausawa, da ɗaliban da suka sauke Alƙur'ani, ƙasida na tashi daga manyan sifikun da Gausu ya ɗaura mata da sabuwar amfilifaya. Duk Kumasi kuwa an san abu ɗaya: mota ba ta fita daga rumfar Gausu da ƙara. Kunnen nan shi ne jarinsa, da shi ya aurar da 'ya'yansa. Wasu na gwaji da mita, shi rufe kansa yake yi a cikin mota ya saurara, ya kuma raina duk wanda ba ya haka.

Ya fara da wayar at, wadda ke haɗa amfilifaya da ƙarfen mota, don nan ne sauro ya fi son ɓuya. Ya kwance notin, ya goge fentin wurin da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya ɗaure tamau. Ya rufe ƙofa. Tana nan.

Ya datse wayar ta zama gajeriya. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, ya raba wayar sauti da wayar wuta, ɗaya ta bi dama, ɗaya ta bi hagu. Ya sa Osmanu ya taka totur, yana jiran ƙarar ta hau tare da inji, yadda ƙarar altaneta take yi. Ko gezau. Ya sa aka kashe injin aka bar makulli a kunne, ita dai tana nan daram. Wannan ya tayar masa da hankali, don bai taɓa cin karo da irinta ba.

"Masta, ai malamai suna jira," Osmanu ya faɗa a hankali.

"Me ka ce? Buɗe baki ka yi magana! Ku yaran yanzu duk a cikin wuya kuke magana."

"Na ce time na tafiya. Ko mu bar shi haka?"

"A bar shi? Mota ta zagaya zango tana kuka, a ce aikin Gausu ne? Kai ma kana ji, ko ba ka ji?"

"Yoo, Masta."

A zango, yaro mai tarbiyya ba ya musu da sa'an ubansa. Yoo yake cewa, ya ja bakinsa.

Azahar ta wuce Gausu bai sani ba, sai da ya ga mutane na dawowa da tabarmi. Ya yi tsaki, ya ce tunda bai ji kiran salla ba, sifikar masallacin nan ma ta lalace, dole ya je ya duba musu. Ya yi sallarsa a gurguje, ko abincin da matarsa Safiatu ta aiko bai buɗe ba. Ya zauna, ya miƙe, ya zagaya motar. Zufa na ɗiga daga gemunsa, kuma tsoro ne fal a ransa, irin na mutumin da sana'arsa ke neman kuɓuce masa a gaban jama'a.

Saura abu ɗaya. Ya cire kan batir, ya zaro sabuwar wayar at mai kauri, ya huda sabon rami a kan ƙarfen gindin kujera, ya kankare, ya ɗaure da duk ƙarfinsa. Ya miƙa wa Osmanu sifana.

"Je ka mayar da batir, ka murɗa makulli."

Ya shige baya, ya ja ƙofa, ya rufe ido, ya manna kunne a sifika. Ga ta nan, ta ma fi ɗazu tsini.

Ya bugi gilashi da tafin hannu. "Kashe! Kashe, tana nan!"

Ƙofar ta buɗe. Osmanu ne tsaye, sifana a hannu ɗaya, makullin mota a ɗayan. Wannan karon bai ce yoo ba. Ya durƙusa, ya matso da bakinsa kusa da kunnen tsohon, ya ɗaga murya.

"Baba, ka yi haƙuri. Ban ma haɗa batirin ba tukuna."