Dattijon da Ya Ajiye Matarsa a Motar Wani

Tun da ka ce ka amince da mutumin nan ne don ya yi maka kama da mutanen kirki, gyara zama in ba ka wani misali.

An yi wani dattijo, dillalin fatu, mai wata tsohuwar mota irin ta da. Koriya ce shar, doguwa kamar kwalekwale, gaba da baya ƙarfe ne mai walƙiya, fitilunta zuru-zuru kamar idon mujiya. Kujerar gaba shimfiɗe take kamar benci, shi da matarsa da jikoki biyu su zauna a sake, a baya kuma a zuba buhun gero uku da rago, babu mai matsar wani. Duk garin babu irinta, ko makaho ya ji tarinta ya san Alhaji ne tafe. Da 'ya'yansa suka kawo ƙarfi sai suka ce kunya take ba su, suka haɗa hannu suka sayo masa ta zamani: ruwan toka, gajeriya, sumul kamar sabulun da aka kwana biyu ana wanka da shi, gilasanta baƙi wuluk. In zai shiga sai ya tuɓe hula, ya tattare babbar riga, ya duƙa kamar mai leƙa akurki. Matarsa Hajiya kuwa ta koma zaman baya, ta ce ita ba za ta zauna a kujerar da ke rungumar mutum da rana tsaka ba.

Wata Laraba suka je babbar kasuwa cefanen suna. Da suka fito, rana ta take, dattijo ya dubi filin ajiye motoci ya ga sun kai hamsin, duk ruwan toka, duk masu zagayayyen baya, jere kamar ƙwai a faifai. Girma ya hana shi ya ce bai gane tasa ba. Ya danna makulli, ya ji wata ta yi ƙara can wani wuri, ya kama murfin wadda ke gabansa ya ja, ta buɗe. Ya ce alhamdu lillahi, ya shigar da Hajiya da kwandon tumatir, sannan ya tuna ya baro ƙullin daddawa a rumfa, ya koma ɗaukowa. Ko da ya dawo, fili fetal, babu mota babu Hajiya. Ya ɗora hannu a ka ya kwarma ihu, an sace masa mota da mata. Nan da nan kasuwa ta hargitse, mahauta suka fito da wuƙaƙe, 'yan acaɓa suka tayar da babura suna tambayar wace hanya ɓarawon ya bi. Wani mai gadi ya ce a ba shi makullin ya gani. Yana dannawa, wata mota a layi na uku ta ƙyafta fitila ta amsa. Aka ruga aka buɗe, ga carbin dattijo rataye a madubi, ga tabarmar sallarsa, Hajiya ce kawai babu. Sai yanzu ya gane babu wanda ya sace masa mata, shi da hannunsa ya saka ta a motar wani.

Ana cikin haka sai ga wani saurayi a guje daga bakin kasuwa, takalmi ɗaya a ƙafa, yana a'uziyya, yana cewa aljana ta shigar masa mota. Ashe shi ne mai motar. Ya shiga sayen magani ne ya manta bai kulle ba, da ya dawo kuma bai waiwaya ba ya ja abarsa. Hajiya zafi ya sa ta kishingiɗa, doguwar kujera ta kare mata direba, tsinin hula kawai take hange. Sun kusa hawa titi sai ta ce, “Shekara arba'in ina faɗa maka, mutumin da ke manta daddawa wata rana kansa zai manta.” Saurayi ya ji muryar tsohuwa a motar da ya san shi kaɗai ne a ciki, ya taka birki, tumatir ya watse, ya ɓalle murfi ya ranta a na kare.

Aka ɗunguma zuwa bakin kasuwa, aka tarar da Hajiya tsaye ta gyara mayafi tana tsince tumatir. Dattijo ya ba saurayi haƙuri, ya ba mahauta haƙuri, ya matso zai ba ta nata, ta ɗaga masa hannu. Ta tsayar da a-daidaita-sahu ta hau, ta ce wannan dai ko ba komai tana ganin ƙeyar mai tuƙa ta. Shi kuma ya shiga motarsa ya bi ta a baya a hankali, daddawa a cinya, mutanen kasuwa na yi masa Allah ya kiyaye gaba suna ƙunshe dariya. Washegari da sassafe ya ɗaura jan ƙyalle a madubin motar don ya riƙa gane ta.

Don haka kafin ka damƙa wa mutum amanarka, leƙa ciki ka ga ko carbinka ne a rataye. Hausawa sun riga sun faɗa: kama da wane ba ta wane.