Alƙalin Bakin Mikoro

Kafin hantsi, manoman Bangi sun shuke burtalin shanu da gero.

Wani farfesa ne ya zo garin, wanda littattafai kawai yake rubutawa kan yadda Kotun Ƙoli ke yanke hukunci. Amma jiya a rediyo, yana bakin mikoro, aka yi ta kiransa "babban alƙali daga Yamai", shi ko sai hura hanci yake, bai ce a'a ba. Da wani manomi ya bugo waya kan batun burtalin, ya amsa a yatsine: "Kotu takarda ta sani, ba sawun shanu ba."

Manoma suka ɗauka hukunci ne.

Yau farfesan yana tsaka da yi wa 'yan jarida murmushi, sai ga wani dattijon Bafillace, shanunsa sun cika titi.

"Kai na alƙalin? To, ga su. Hwaɗa masu inda za su bi."