Shingen Gidan Morjina

Kamu arba'in da biyu Mokbul ya auna daga gindin kwakwa zuwa bayan madafa. Ya yi ƙulli a igiyarsa, ya tofar da jan yawun ganyen da yake tauna. Shekara talatin yana kafa shinge a tsibirin Monpura, amma bai taɓa yi wa gidan da ya matsi ruwa haka aiki ba. Idan teku ta cika, tsakaninta da bakin ƙofa bai fi taku ashirin ba.

Matar gidan, Morjina, ita ta aika aka kira shi tun daga wancan ƙarshen tsibirin, alhali ga masu sana'ar har biyu a ƙauyensu. Da ya tambayi dalili, ta ce aiki ya yi musu yawa. Mijinta yana can wajen kamun kifi, sai bayan sati uku zai dawo, ita kuwa ba za ta iya jiransa ba.

Duk inda Mokbul ya sa ƙafa tana biye da shi, riƙe da ɗanta mai wata goma a kwankwaso. An ɗaura wa yaron 'yar ƙararrawa a ƙugu. Ko da ta sauke shi don ta kawo shayi, sai da ta ɗaure ƙafarsa da gefen zani a jikin ginshiƙin rumfa.

Ta san abin da take so. Gora za a sa, a ɗaure da igiyar kwakwa, tun da gishiri cin ƙusa yake yi. A binne kowace kamu guda a ƙasa, kada a iya tonawa. Tsakanin gora da gora kada ya wuce yatsa uku.

"To, wannan ai ko ƙaguwa ce sai ta yi sallama kafin ta wuce," in ji Mokbul.

Ba ta yi dariya ba. "'Yata Moyna siririya ce, Baffa. Inda kyanwa ta bi, ita ma za ta bi."

Sai ya gane, ya bar wasan. Babu ƙauyen da ya taɓa yin aiki da ruwa bai ci yaro ba. Shi kansa sau biyu yana tsamo 'ya'yan mutane da hannunsa, ɗaya ne kawai ya yi rai.

Da ya zagaya gefen teku ya ga sawun yarinyar a cikin laka, ƙanana, ba takalmi. Sun kewaye gidan, sun taru a bakin ƙofa, sun taru a ƙarƙashin taga. Ya ce a ransa lallai wannan 'ya ba ta zama wuri ɗaya.

"Shekararta nawa?"

"Biyar."

"Tana ina yanzu?"

"Tana wajen ruwa," in ji Morjina, ba tare da ta waiwaya ba.

Mokbul ya kai dubansa bakin gaɓa. Laka ce kawai shimfiɗe, sai wani kifaffen kwale-kwale da balbelu na kiwo. Ya so ya yi mata faɗa a kan barin 'yar shekara biyar ita kaɗai a irin wannan wuri, amma da ya dubi idanun matar, duk sun faɗa, sai ya haɗiye maganar.

Rana ta fara karkata, ruwa ya soma tasowa yana cike ramukan laka ɗaya bayan ɗaya. Balbelun suka tashi gaba ɗaya. Jaririn ya juya wajen teku ya ɓarke da dariya, yana miƙa hannu, ƙararrawarsa na kaɗawa. Morjina ta kama kansa ta kifa a ƙirjinta.

"Yi sauri, Baffa."

Ya tsuguna ya zana mata fasalin da tsinke a ƙasa. Ga ginshiƙai, ga gora a tsaye. Sandunan gicciye za su kasance ta waje, don yaron da ke cikin gida ya rasa inda zai taka ya haura. Sakata ma ta waje, can sama, sai babba ya zura hannu.

Morjina ta sa ƙafa ta share zanen. Ta karɓi tsinken, ta mayar da sandunan gicciye ciki. Ta mayar da sakata ciki.

Ran Mokbul ya ɓaci. "Haba 'yata, shinge kike so ko tsani? In na yi haka, kafin ki tsame shinkafa daga tukunya yarinyar ta haura ta kai bakin ruwa. Ni ba zan yi aikin da zai kashe yarinya ba."

Ta ƙara matse jaririn, ta rage murya kamar mai gudun kada wani ya ji.

"Ba fitarta nake tsoro ba, Baffa. Damina biyu ke nan da ruwa ya tafi da Moyna, amma duk sanda ya cika sai ta dawo kiran ƙaninta."