Jirgin Mai Fito a Kan Tudu

Akwai masu kulle kayan mamaci a ɗaki shekara da shekaru, su ce wai ƙauna ce. Ba zan kama suna ba, sun san kansu. Ni dai na ce rowa ce ta yafa mayafin makoki, kuma wanda ake yi wa rowar shi ne bawan Allahn da ke kwance a ƙasa, wanda ba shi da sauran bakin da zai ce a ba shi. Zauna ka ji misali, in na gama sai ka yi fushin.

An yi wani mai fito a wani gari na bakin gulbi. Shekara arba'in yana ƙetarar da mutane a jirginsa na itacen maɗaci, kuma shi kaɗai ne jirgin garin. Mai abin hannu ya biya, marar shi ya ce Allah ya saka, duk ɗaya ne a wurinsa. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya kira ɗansa, ɗaya tilo da Allah ya ba shi, ya ce a bar jirgin a mashigi da filafilinsa a ciki, duk mai buƙata ya hau, ko Allah ya sa ladan ya riƙa iske shi a kabari. Ɗan ya ce to. Bayan an share makoki ya sauko bakin ruwa, sai ya ga wani baƙo riƙe da filafilin, daidai inda tafin hannun ubansa ya cinye itacen har ya yi santsi. Zuciyarsa ta kasa ɗauka. Ya sa aka jawo jirgin har cikin gida, ya kafa masa rumfa, ya lulluɓe shi da tabarmi. Kullum bayan la'asar sai ya zauna gefensa yana shafawa yana hawaye. Wanda duk ya gani sai ya ce lallai wannan ɗa ya so ubansa. Ni ma ban ce bai so shi ba. Amma mata masu kai tukwane kasuwar ƙetare suka koma zagayawa ta gada, tafiyar rabin yini da kaya a ka. Liman ya same shi ya ce masa mamaci ba ya hawa jirgi, addu'ar wanda ya hau ce ke isa gare shi. Ɗan ya ce a ƙara masa lokaci. Wata tsohuwa mai tukwane kuwa ta tsaya a ƙofar gidan ta ce, "Ɗan nan, ubanka sau ɗaya ya mutu, kai kuma kullum sai ka sake kashe shi."

Abin da ya manta shi ne jirgi da ruwa yake rayuwa. Rani ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa, itacen ya bushe ya tsattsage, gara ta shiga ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Daga sama dai lafiya lau. A damina ta uku gulbi ya cika ya batse har ya shanye gada, kuma a cikin kwanakin nan mahaifiyarsa ta cika. Maƙabartar garin a ƙetare take, kan jigawar da ruwa ba ya hawa, marigayiyar kuma ta sha roƙon a kwantar da ita kusa da mijinta. Aka yi mata wanka, aka sallace ta. Ranar ce ya yaye tabarmin da hannunsa. Aka ciccibi jirgin aka tura shi ruwa, tun kafin a ɗora makara ruwa ya fara ɓulɓulowa ta tsagogi kamar ta rariya. Aka cusa tsumma, aka kwashe da ƙwarya, ina! Jirgin ya zauna cikin laka, a ruwa iya gwiwa. Jama'a na tsaye da gawa a kafaɗa, rana tana yi, ido duk a kansa, da an zage shi ma da ya fi masa sauƙi. A bayan gari aka haƙa mata, a wannan gefen, gulbi tsakaninta da mijinta har tashin ƙiyama.

Shekara uku cur ba wanda ya taka tudun ƙetare ya ce Allah ya jiƙan mai fito. Mutumin ya bayar tun yana da numfashi, jininsa ne ya tare. Abin da Hausawa ke nufi ke nan da suka ce rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. To tashi ka buɗe akwatin gyatuminka, ka ɗaga rigunan da asu ke ci alhali maƙwabcinka yana zuwa Juma'a da kafaɗa a yage, sannan ka dawo ka dubi tsabar idona ka ce min ba kai ne gugan ba.