Tsohon da Ya Zo Koyon Faɗuwa

Da tsohon ya tuɓe riga a filin kokawa na Moriki, samari suka fashe da dariya.

"Baba, ka makara," in ji mai horarwa. "Mu tun muna shekara bakwai muka fara."

"Ba kada kowa na zo koya ba, yaro. Faɗuwa nika so ka koya mini."

"Faɗuwa? Ai wannan kyauta ake yin ta."

"Ta kyautar ce ta kusa karya mini ƙugu."

Haka aka koya masa yadda zai sunkuyar da haɓa, ya saki jiki, ya sauka ta gefe. Kullum bayan la'asar yana zuwa, har damina ta wuce.

Wata rana mai horarwa ya bi ta ƙofar gidansa. Ga jikan tsohon, ɗan shekara huɗu, wanda ya daina dariya tun da 'yan bindiga suka tafi da babansa, ya rungume ƙafar kakansa yana nishi. Tsohon ya yi tangaɗi, ya zube daidai yadda aka koya masa.

Yaron ya haye cikinsa yana ƙyalƙyala dariya. "Tashi, rago, in sake kada ka!"

Tsohon ya tashi.