Cikon da Baffa ya kawo

A shekarar da babbar kasuwar Jos ta ƙone, Baba yana gina gidanmu a unguwar Abatuwa. Ran nan bayan Azahar kafinta ya gama kafa katakon baranda, saura ciko kafin a zuba kankare. Sai ga Baffa, ƙanin Baba, mahauci, ya kawo ƙasa tifa guda kyauta, ya sa aka juye.

Ashe ƙasar bayan mayanka ce. Ƙahoni, kofato, ruɓaɓɓen tumbi, ga tsutsa tana motsi. Har yau ban manta da warin ba.

"Yaya, ai siminti zai rufe komai," in ji Baffa.

Baba ya toshe hanci da hannun riga. "A nan zan riƙa ɗora goshina. Wanda nake yi wa sujada yana ganin ƙarƙashin siminti."

Baffa ya tuɓe riga. Ya ɗauki shebur, ya kwashe ƙazantar kaf yana kakarin amai, sannan ya cike ramin da jar ƙasa.

Da Magariba ta yi, Baba ya miƙa masa sabulu da buta. "Ka biya, Malam. Yi wanka, kai za ka ja mu sallah."